Tayin Da Ba A Maimaita Ba

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan labari. Hannuna ba ya sauri a boko, don a aji huɗu na tsaya, shekarar da Inna ta kwanta ciwon ƙafa. Da ta warke kuma kunya ta hana ni komawa in zauna cikin ƙannena. Ban da haka, na san duk wanda ya karanta zai ce budurwa sukutum ta yi ta kumburi a kan 'yar tsanar kara. To, a kanta ɗin ne. Ga yadda aka yi.

Sunana Ikilima. Ƙauyenmu yana tsakanin Kunci da Makoda, inda gona take manne da gona, ka yi atishawa a taku a amsa maka daga ta maƙwabta. Gida ɗaya muka tashi da Tahira, 'yar Baffa Ado, ƙanen babana. Tabarmarmu ɗaya a ɗakin kakarmu Iya, kwanonmu ɗaya. Idan an yanke dawa an kwantar da kara, ni ce mai yin 'yan tsana. In ɓare ɓawon karan, in yanka totuwar, in haɗa hannu da kafaɗa da ƙaya, in ɗaura musu ƙyallen da na tsinto a ƙarƙashin keken ɗinkin Inna. Aikin Tahira shi ne riƙewa. In ce riƙe nan, ta riƙe. In ce kin matse ta da yawa, ta sassauta. Har matan maƙwabta sukan aiko a yi wa 'ya'yansu, kuma sunana suke kira, ba nata ba.

Ita ta ci gaba da karatu. Ta gama sakandare a Kunci, sannan Baffa ya kai ta Kano, gidan Gwaggo Rahmatu a Rijiyar Zaki, ta shiga wata makaranta da ake koyar da katun, irin zanen nan da yake motsi yana magana. Da an ce aikin asibiti ta tafi koyo, ko lissafi, da ban ji komai ba. Amma zane! Ranar da na ji, bayan rumbu na zagaya na zauna har aka kira la'asar.

Bana ana tsakiyar girbi sai ga ta ta dawo, ba lokacin hutu ba. Kashegari da hantsi muna zaune a tsakar gida muna ɓarar gyaɗa, ni da Inna da Iya da matar Baffa, da wasu matan maƙwabta. Cikinsu akwai Luba, 'yar gidan Malam Khalilu, mai tallar ƙuli-ƙuli. Luba sa'armu ce, ita ma a firamare ta tsaya, sai dai bakinta ba ya hutawa ko da abinci a ciki.

Iya ta dubi Tahira ta ce, "Ke 'yar birni, ina akwatin zanen naki? Ko korar ki suka yi kina ɓoye mana?"

Tahira ta yi dariya. "Malam Abdulkabir ne ya kulle ɗakin kwamfuta, Iya. Ya ce ba mai taɓa ta sai mun kawo masa aiki daga gida."

"Ya kyauta. Ko ba komai idonki ya huta."

Sai Tahira ta gyara zama ta ba mu labari. Ta ce shekarar farko kwaikwayon katun ɗin ƙasashen waje kawai suka yi, har duk ajin suka koma zana fuska iri ɗaya, manyan idanu da ɗan mitsitsin hanci. Ana haka sai ga wata manhaja ta fito, ka faɗa mata abin da kake so, kafin ka kurɓi ruwa ta zana maka, kuma ta fi su iyawa. Jikin 'yan ajin ya yi sanyi, wasu har sun fara cewa gara su koma sayar da katin waya. Shi ne malamin ya ce musu, duk abin da yake cike a intanet na'ura ta riga su gani, su je su nemo wanda ba ta gani ba. Kowa ya koma garinsu ya yi ɗan gajeren fim da abin da ya tarar a tsakar gida, da wayar hannu kawai.

"Kuma da sharaɗi," in ji Tahira. "Dole ka yi aikin da mutum ɗaya wanda bai taɓa shiga makarantarmu ba. Ba ruwan Malam da takardar shaida. Wanda kuka yi tare zai biyo ka Kano ranar nunawa, ya zauna a aji da mu har ƙarshen zango. Mu koya masa, shi ma ya koya mana."

Na sunkuyar da kai ina ɓarar gyaɗar da na riga na ɓare.

"Da 'yan tsanar kara nake so in yi nawa," Tahira ta ce. Ta juyo ta dube ni. "Ikilima, za ki yi da ni?"

Duk matan suka zuba mini ido. Ga Inna a gefena. Na ce, "Ni wa? A'a. Ina ni ina makarantarku? Ki nemi wadda ta iya."

Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane ba. Mu a gidanmu ko zani aka miƙo miki ba kya karɓa a tayin farko. Ki ce a bar shi. A sake miƙowa, ki ce haba dai. A na uku sai a ɗora miki a cinya a tashi. Iya ce ta koya mana, takan ce tayi ɗaya ba tayi ba ne, gaisuwa ce. Mai karɓa a tayin farko kuwa, a wajenta, kwaɗayayye ne. Tahira ta san wannan kamar yadda na sani, kunne ɗaya aka ja mana a kansa. Don haka na ci gaba da ɓara ina jiran ta sake. Har na shirya "haba dai" ɗina a baki.

Tahira ta ɗan jima tana kallona. Sai ta ce, "To."

Shi ke nan. To.

Luba ta watsa ɓawon gyaɗa a faifai ta ce, "Abin da wani ya ƙi, shi wani yake nema ido rufe. Ni ga ni nan, Tahira. Ban taɓa haɗa kara biyu sun tsaya ba, amma Kano kam zan iya zuwa."

Aka kwashe da dariya. Tahira ta ce, "Da gaske kike?"

"Wallahi ko yanzu aka ce mota ta iso, da zanin nan zan shiga."

Da yamma Baffa Ado ya leƙa wajen Malam Khalilu. Da shi Malam Khalilun ya ji gidan Gwaggo Rahmatu za a sauka, bai yi gardama ba.

Ni kuwa ban fitar da rai ba. Na ce a gaban mutane ne, za ta same ni ni kaɗai. Da muka je ɗiban ruwa na yi ta jan ƙafa don mu rage mu biyu a bakin rijiya. Muka rage ɗin. Ta yi mini zancen tsadar mota, da yadda Gwaggo ta yi ƙiba. Ba ta sake tayin ba.

Suka fara aiki a ƙarƙashin rumfar Iya, wai don kada inuwa ta riƙa canjawa a hoto. Suka kife turmi, suka jingina wayar da dutse suka ɗaure ta da tsumma. A ajiye 'yar tsana a ɗauki hoto, a matsa hannunta kaɗan a sake ɗauka, a sake matsawa a sake ɗauka. Idan an jera hotunan da sauri sai ka ga tana motsi da kanta. Tahira ce mai wayar, Luba ce mai matsawa.

Nan da nan duk aikina ya koma kusa da rumfar. Tankaɗe a nan, wanke-wanke a nan, har tsintar wake da ban taɓa so ba na karɓa daga hannun Inna. Ba na kallonsu, amma babu abin da ya wuce ni.

Labarin fim ɗin Luba ce ta kawo shi: wata tsohuwa tana gadin gyaɗar da aka shanya, tana gyangyaɗi, akuya tana lallaɓowa. Da suka ga ƙwayar gyaɗa ta kusa kai girman kan tsohuwar, Luba ta ruga gida ta kawo riɗi, ta ce shi ne gyaɗar. Tahira ta tafa mata. Ni ma a raina na san dabara ce, kuma da ni ce ba lallai in tuna da riɗi ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Akuyar da Luba ta haɗa kuwa abin tausayi ce. Wuya a karkace, ƙaya a fili ba a ɓoye ta ba, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta. Da na gan ta sai na ji sanyi a zuciyata, na ce yau Tahira za ta gane kuskurenta. Luba ta ɗauko wuƙa za ta rage sauran ƙafafun, Tahira ta riƙe mata hannu.

"Bar ta haka! Dubi yadda take ɗingishi. Kamar ta taɓa shan duka a wata gonar."

"Ai ta sha," in ji Luba. "Akuyar gidanmu ce, na san tarihinta."

Suka yi ta dariya har Tahira ta buge turmin, wayar ta goce, aikin rabin yini ya lalace. Na yi tsammanin za su yi faɗa. Suka sake dariya suka faro daga farko. Tahira tana cewa, "Riƙe nan," Luba tana riƙewa. Ni kuma ina daga gefe ina tankaɗe garin da ya riga ya yi laushi.

Da abin ya ishe ni sai na je bayan gida na zaɓo kara mai kyau, wanda bai sha rana da yawa ba. Na haɗa 'yar tsana amarya. Na yi mata yatsu biyar-biyar da siraran tsinkaye, na ɓoye duk ƙayar a cikin totuwa, na yi mata lulluɓi da gefen wani leshi. Ban taɓa yin wadda ta kai ta ba. Na ɗora ta a kan katanga kusa da randa, inda duk mai shan ruwa sai ya gani, na koma na zauna.

Tahira ce ta fara ganinta. Ta ɗauke ta a hankali tana jujjuyawa. "Kai! Luba, zo ki ga hannu. Har da yatsu."

Luba ta leƙo. "Tabarakallah. Amma wannan ta yi kyau da yawa, ba za ta iya korar akuya ba. Sai dai a zaunar da ita a gado a yi ta kallo."

Tahira ta juyo wajena. "Ki ara mana ita mana, ta zama maƙwabciyar tsohuwar."

Aro. Ba ni ake so ba, 'yar tsanata ake so, Luba ta riƙa murɗa mata hannu. Na ce, "Ba ta kai ba. Wasa kawai nake yi."

Tahira ta mayar da ita kan katangar daidai inda ta ɗauke ta. Nan ta wuni. Da yamma kaza ta ture ta.

Ana kusa da gamawa malaminsu ya yi kiran bidiyo don ya ga inda aka kwana. A gidanmu ba a samun sabis sosai sai wajen rumbu, don haka can suka je. Ni kuma ina bayan danga ina kwashe shanyar kuɓewa, ba su san ina nan ba.

Na ji muryar namiji, mai natsuwa. Suka gaisa da Tahira, sannan ya ce, "Ke ce Ikilimar da aka cika mana kunne da labarinta? Mai 'yan tsana?"

Kuɓewar ta zube daga hannuna.

"A'a, Malam," in ji Luba. "Ikilima ta ce ba ta so. Ni Luba ce, ni aka samu."

"To madalla, Malama Luba. Nuna mini akuyar nan da ake faɗa."

Na ji ya yi dariya sosai. Ya ce, "Me ya sa take waiwaye kafin ta sa baki?"

"Malam, ai ɓarauniya ce. Ta san ba nata ba ne."

"Haka nake so. Idan kin zo ki faɗa wa 'yan aji haka da bakinki. Su kuma za su nuna miki yadda ake jera hotunan a sa musu murya. Kin iya karatu?"

"Ina haɗa baƙi, Malam, amma sai an yi haƙuri da ni."

"Haƙuri muna da shi. Ki zo kawai."

Na daɗe a tsugune bayan dangar. Ashe har a Kano an san sunana. Ashe wani malami da ban taɓa gani ba ya ajiye kujera yana zaton ni ce zan zauna. Kuma ga Luba tana ce masa "ni aka samu," yana ce mata Malama. Na tsince kuɓewar ɗaya bayan ɗaya, da ƙasa da komai, na zuba a kwando.

Ana gobe za su tafi, bayan la'asar, aka taru a ɗakin Iya don ya fi duhu. Aka jingina wayar da tulu. Mata da yara suka cika ɗakin, wana Yaya Tasi'u ma ya leƙo daga bakin ƙofa. Na zauna can baya kusa da buhun gero, na ce a raina ba zan yi dariya ba.

Tsohuwar kara ta fito da ɗan ɗankwalinta a karkace, ta zauna, kanta ya fara sunkuyawa. Luba ce ta yi mata murya, har da ɗan tarin nan da ake yi kafin a yi magana. Iya ta zabura.

"Wannan ai ni ce! 'Yan banza, ni kuka mayar abin dariya? Yaushe na taɓa barci a bakin shanya?"

"Jiya ma, Iya," in ji Yaya Tasi'u.

"Kai kuma wa ya sa da kai, mai ƙaton kai?"

Sai ga akuya ta shigo da ɗingishinta. Ta waiwaya hagu, ta waiwaya dama, ta sa baki. Tsohuwa ta buɗe ido, akuya ta ɗaga kai tana kallon sama kamar mai lissafin hadari. Dariya ta ƙwace mini tun kafin in tare ta. Luba ta waiwayo ta gan ni, ta ɗaga mini gira. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

A ƙarshe rubutu ya fito. Na haɗa baƙin a hankali: Tahira Ado, Luba Khalilu. Aka ce a maimaita, aka maimaita har cajin wayar ya kusa ƙarewa. Matan suka fita suna cewa ashe Luba ba baki kaɗai gare ta ba.

Na tsaya naɗe tabarmi. Tahira tana kwance igiyar caji. Iya tana kan gadonta tana kallona.

"Ke kuma wa ya mutu?" ta ce.

"Ba kowa, Iya."

"Tun da aka fara abin nan fuskarki kamar an jiƙa tsamiya. Tahira, zo nan. A Kano sau nawa ake yi wa mutum tayi?"

Tahira ta tsaya da igiyar a hannu. "Iya, a makaranta idan aka ce bismilla kika ce a'a, kafin ki sake shawara an cinye."

"To nan ba makaranta ba ce. Ke ba ki san 'yar'uwarki ba? Ita da ko ruwa ba ta karɓa sai an yi mata dole?"

"Ai na tambaye ta."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Sau ɗaya."

Tahira ta juyo gaba ɗaya. "To da kina so?"

Na ci gaba da naɗe tabarmar.

"Kin gani ko, Iya? Ko yanzu ba za ta faɗa ba." "Ikilima, tun a mota nake ta shirya yadda zan tambaye ki. Duk ajinmu sun san sunanki. Da Malam ya faɗi sharaɗin nan, ni ce na fara ɗaga hannu na ce ina da tawa. Amma tun da na tafi Kano, sau nawa na kira wayar Yaya Tasi'u na ce a ba ki? Kullum sai a ce kina daka."

"Ina dakan ne."

"Kullum? Har ranar Sallah?"

Gaskiya ne, wani lokaci ina jin wayar tana ƙara nake ɗaukar taɓarya.

"Ban manta tarbiyyar Iya ba," Tahira ta ce. "Na san ana cewa a'a a tayin farko. Amma ranar na kalli fuskarki ban gane ba, kunya ce ko haushina kike ji. Na ce idan na matsa miki a gaban su Inna za ki yarda don dole, ki je ki zauna a ajin mutane kamar an ɗaure ki, kina jin haushina a garin da ba ki san kowa ba. Shi ya sa na bari. Na yi ta jira ki zo ki same ni."

"Ni ma ke nake jira," na ce.

Iya ta tafa hannu. "Ikon Allah. Kura biyu a rami, kowacce tana jiran ɗaya ta fara fita. To yanzu ba a tafiya da biyu?"

"Kujera ɗaya aka ba kowa, Iya. Kuma Luba ta yi aikin. Dubi yatsunta, duk ƙaya ta soke su. Ba zan ce mata ta zauna ba."

Na ɗaga kai ina jiran Iya ta tsaya mini, ita da ta koya mini abin da na yi. Sai ta ce, "Gaskiya ne. 'Yar mutane ta sha wahala. Ba a yi mata haka."

Har Iya.

Tahira ta naɗe igiyar ta sa a jaka. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ba zan sake tambayar ki ba, Ikilima. Ba don fushi ba. Ban san yadda zan gane amsarki ba ne." Ta fita. Daga tsallaken katanga ina jin Luba tana rera waƙa tana wankin kayan tafiya.

Washegari da safe Yaya Tasi'u ya ɗaure jakunkunansu a babur ya yi gaba zuwa bakin titi. Ya rage kwalin da aka jera 'yan tsanar a ciki, an cusa musu tsumma don kada su karye. Kafin wani ya yi magana na naɗa gammo na ɗora shi a kai. Inna ta bi ni da kallo.

Muka bi siririyar hanyar da ta ratsa gonaki, Luba a gaba da sabon mayafi tana gaisa da duk wanda ta hanga. "Kano za ni, Baba! A yi mana addu'a!" Masu ɗaurin dawa suna ɗago kai suna sa mata albarka. Ni ina baya, kwali a ka, ina ta juya magana a baki. Duk wadda na haɗa sai in ji ta yi nauyi.

Muna isa sai ga bas daga Kunci, kwandasta yana kiran Kano. Yaya Tasi'u ya sa jakunkuna a baya. Luba ta miƙo hannu biyu.

"Kawo, uwar ɗaki. An gode da dako."

Ban sauke ba. Na dubi Tahira. Ga Luba, ga Yaya Tasi'u, ga fasinjoji suna leƙowa ta taga.

"Tahira," na ce. Muryata ta fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya. "Ina son zuwa. Tun ranar nake so. Ki faɗa wa malaminku, idan akwai wani zangon, ko a bayan aji ne a tsaye, zan zo."

Luba ta riƙe haɓa. "La'ilaha illallahu! Ashe da murya a ciki."

Tahira ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Zan faɗa masa yau ɗin nan. Amma ban san me zai ce ba, kada ki ce na yi alkawari."

"Ki faɗa dai."

"Hajiya, ku shigo ko mu tafi!" in ji kwandasta.

Na sauke kwalin, na zagaye hannun Luba na miƙa wa Tahira. Suka shiga. Luba ce ta samu bakin taga, ta zuro kai da hannu tana ta yi mini sai wata rana, mayafinta yana kaɗawa. Na ɗaga hannu, amma ba ita na ɗaga wa ba. Tahira kuwa tana tsakiya, kwali a cinya, ba ta gani ba.